Kukan Kyarkeci da Tsakar Rana

Sana'ata ita ce yi wa kunne ƙarya. Duk ƙarar da mutum ya ji a fim, daga takun takalmi har karyewar ƙashi, irina ne suka zauna a ɗaki marar taga suka haɗa ta da tarkace. Nawa ɗakin yana bene, a saman wani shagon tayoyi. An lulluɓe bangonsa da soso da tsofaffin barguna. Akwai faranti na tsakuwa, akwai na yashi, akwai ƙofar da ba ta kai kowa ko'ina, aikinta a buɗe ta a rufe, sai ƙaramin firiji cike da karas da kabejin da ba wanda zai ci. Ka naɗe karas biyu a tsumma ka murɗe su a bakin makirufo, ka karya wuyan mutum ke nan. Masu cewa gani ya kori ji ba su taɓa kashe sautin fim ɗin tsoro ba. Su gwada su gani, dodon zai koma wani bawan Allah da ke gumi a cikin rigar gashin roba.

Darakta, wanda ya kawo mini aikin da zan ba da labarinsa, mutum ne da Allah ya jarabce shi da son fim iri guda: sojoji a wani sansani can bayan gari, wata ya cika, ga mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci yana zagaye su. Ya kalli duk wanda aka taɓa yi, kuma duk kanwar ja ce. Rediyo zai mutu, mota za ta ƙi tashi, a ciji wani ƙaramin soja ya ɓoye cizon a ƙarƙashin hannun riga, babban hafsa kuma ya riga kowa sanin abin da ake ciki ya yi shiru. Na tambaye shi abin da nasa zai ƙara wa duniya, ya ce nasa sojojin irin namu ne, suna ƙorafin abinci. Ya sayar da motarsa ya yi fim ɗin a wata tsohuwar ma'ajiyar hatsi, ya kawo mini shi tsit, ya ce in sa masa rai.

Na yi masa bindiga da sakatar ƙofa, na yi yagewar kaki da tsohon tanti, na yi nama da jiƙaƙƙen tawul. Takun sojoji ne ya ƙi fita da takalman da nake da su, sai na ari na Yaya.

Yayana kofur ne, shekara goma sha ɗaya ya yi a soja. Shekara biyu ke nan da ya dawo gida da hannuwansa da ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu, mutane suka yi ta zuwa yi wa Inna barka. Ya kama aikin gadin dare a wata ma'ajiyar siminti, ya ce shi dama ya saba da rashin barcin dare. Yana dawowa da safe, ya yi wanka, ya ci abin da Inna ta ajiye masa, ƙarfe takwas ya kwanta. Wajen sha biyu da rabi na rana sai ya fara.

Daga ƙasa abin yake tasowa, kamar mai gyaran murya, sai ya hau, ya hau, ya tsage a sama. Ya ja numfashi da ƙyar, ya sake. Sau uku yake yi, babu kalma ko ɗaya a ciki, duka bai cika minti guda ba. Inna takan tsaya a bakin ƙofa, ba ta taɓa shi, don ranar da ta taɓa shi sai da ta yi mako tana shafa magani a wuyan hannu. Daga nan take kiransa har ya farka ta miƙa masa ruwa. Ya sha, ya ce kai, ya yi barci kamar dutse, ya juya ya ci gaba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidanmu kowa ya sani ban da mai ɗakin.

Unguwa ma ta sani. Mai waldan da ke jikin katangarmu, ko yana da aiki ko ba shi da shi, sha biyu da rabi na yi zai kunna injin gurza ƙarfe ya bar shi yana ta ihu na ɗan lokaci. Ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ya taɓa yi masa godiya, don yin godiyar kamar faɗin abin ne. Matar Yaya wata biyar ta iya. Ta ce masa zama ne ya ƙare, ta bar masa 'yarsu, wadda aka sa wa sunana, kowa yake ce mata Takwara. Shekararta bakwai. Ana tashinsu makaranta sha biyu, don haka Inna ta shirya da mai kitson da ke tsallaken titi, yarinyar ta riƙa zama a shagonta har ƙarfe biyu, har da ranakun da babu makaranta. Sau ɗaya aka yi kuskure, ranar da zazzaɓi ya hana ta zuwa makaranta. Tun daga ranar daga bakin ƙofa take gaishe da ubanta. Yakan sayo mata alewa ya ajiye a kan tebur, sai ya fita take ɗauka. Shi a ganinsa uwarta ce take zuga ta, yana jira ta girma ta gane.

Na taɓa zuwa asibiti ni kaɗai na yi wa wani likita bayani. Ya ce ba zai iya yi wa mutumin da ya ce lafiyarsa ƙalau magani daga nesa ba. Ya ce tunda aikina ne, in naɗi abin in sa masa ya ji da kunnensa, sannan in kawo shi. Wata Lahadi na ajiye rakoda a tagar ɗakinsa na naɗa. Da Inna ta ji abin da nake shirin yi, sai ta zaunar da ni a kicin.

"Auta, ki bar shi da mutuncinsa," ta ce. "Matarsa ta tafi, 'yarsa tana gudunsa. Abin da ya rage masa shi ne yana ganin shi namiji ne lafiyayye. In kika karɓe wannan, me kika bar masa?"

Ban yi gardama ba, don ni ma ban san ta inda zan fara ba. Sautin ya zauna a na'urata wata takwas, da kwanan wata a matsayin suna. Akwai abin da ban faɗa wa Inna ba. Ranar da na fara saurarensa, ban yi kuka ba, ban ji ƙirjina ya yi nauyi ba. Abin da ya fara zo mini shi ne an samu naɗi mai tsabta, ba iska, kuma akwai wurin yankawa mai kyau kafin muryar Inna ta shigo. Na lura da hakan a raina, na rufe na'urar na je na yi wanke-wanke. Fiye da shekara kana jin abu kullum, sai ya koma kamar ƙarar firiji.

Fim ɗin Darakta yana da wuri guda da komai ya rataya a kansa. Ƙaramin sojan da aka ciza yana durƙushe a bayan buhunan yashi, abokansa suna kallo, jikinsa yana karyewa yana sake haɗuwa, sai ya ɗaga kai ya yi kukan farko. Kwana tara na yi a kan wannan kukan. Na je garejin wani makanike na naɗi karnukansa, suka kusa cinye mini siket. Na naɗi jaki na rage masa gudu. Darakta da kansa ya zura kai a bokitin ƙarfe ya yi ta kururuwa har mai shagon tayoyi ya hau bene ya ga ko lafiya. Duk wanda na haɗa, in muka saurara sai ya fito kamar kare ne aka taka wa jela. Tsohon da ya koya mini aikin nan yakan ce dabba ba ta tsorata mai kallo sai ya jiyo mutum a cikinta. Na san haka, kuma na san inda mutumin yake.

Ba zan ce kuskure ba ne ko hannuna ne ya zame. A rana ta goma na zo da wuri, na buɗe sautin ranar Lahadin, na yanke muryar Inna daga ƙarshe, na share fankar ɗakinsa da injin mai walda. Na saukar da muryar ƙasa kaɗan, na shimfiɗa gurnanin kare a ƙarƙashinta, na ɗora wutsiyar kukan jaki a inda take tsagewa, na sa mata amsa-kuwwa kamar a fili take. Aikin awa ɗaya da rabi ne. Da Darakta ya zo na kunna masa, sai ya cire abin saurare daga kunne ya nuna mini hannunsa, tsigar jikinsa duk ta tashi. Ya tambaye ni inda na samo, na ce a cikin tsofaffin sautukana. Ya ce ni mayya ce, ya aika aka sayo mana abinci, na ci na ƙoshi.

Takalman ne suka jawo sauran. Yaya ya fara tsokanata cewa takalmansa sun zama 'yan fim, shi mai su ko gayyata ba a yi masa ba. Darakta kuma da ya ji ina da wa tsohon soja, ya nace sai an kawo shi ya duba masa fim ɗin kafin a fitar. Na yi tunanin sauya kukan na ranar kawai, sai na ga ba dalili. Abu ne da kowa a sana'armu ya sani, mutum ba ya gane muryarsa in an naɗa, balle wadda bai taɓa ji ba, balle kuma an binne ta a tsakanin kare da jaki. Lissafina daidai ne ta wannan gefen, don kuwa bai gane muryarsa ba.

Ranar Asabar da la'asar ya zo, ya zauna a kujerar da ke tsakiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Minti biyar ba a yi ba ya fara dariya, irin wadda na manta yana da ita. Ya ce wannan saran da suke yi wa hafsa, da a wurinsu ne da sun kwana suna tsallen kwaɗo. Ya ce wane soja ne zai cire takalmi ya kwanta a bakin daga, har da jera su kamar a masallaci. Da aka zo inda rediyo ya mutu ya ce wannan kam gaskiya ne, nasu ma bai taɓa aiki ranar da ake buƙatarsa ba. Ya ce hafsan fim ɗin ya cika kirki, a nemo wani. Darakta yana ta rubutawa a takarda, yana gumi, ni kuma ina zaune a gaban na'ura ina kallon layin sauti yana matsowa inda na sani.

Ƙaramin sojan ya durƙusa. Karas ɗina suka karye, tantina ya yage, ya ɗaga kai.

Yaya ya sauke ƙafarsa ƙasa. Aka wuce wurin, aka shiga harbe-harbe. Sai ya ɗaga hannu ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce in sake. Sau huɗu muka ji, Darakta yana murmushi yana kallona, a zatonsa yabo ne. Bayan nan Yaya bai ƙara gyara wa kowa sara ba har fim ɗin ya ƙare. Ya yi wa Darakta sallama da ladabi, ya sauka, na bi shi.

A kan bencin mai shagon tayoyi ya zauna, yana kallon titi. Nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba, cikin muryar da mutum yake karanta takardar magani. Ya ce suna da wani a rundunarsu da ake ce wa Tela, don kullum da gwangwanin allura da zare a aljihunsa, shi yake ɗinke wa kowa maɓalli da yagewar wando, yana yi yana zagin masu su. Wata safiya aka harbe shi a ciki, a wani fili tsakaninsu da waɗancan, taku arba'in daga ramin da Yaya yake. Duk wanda ya ɗaga kai sai harsashi. Aka ba da umarni kada kowa ya fita. Da farko Tela yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har yana yi musu ba'a. Da rana ta take sai sunayen suka ƙare, ya koma yin wani abu da ba magana ba. Sau uku-uku yake yi, ya huta, ya sake. Sai bayan la'asar suka samu suka jawo shi, ya riga ya yi sanyi.

"Shi ne wannan," Yaya ya ce. "Ku cire karenku da sauran tarkacenku, na ji shi a ƙasa. Har inda yake tsagewa. Auta, ɗan wasa ba zai iya ƙirƙiro wannan ba. Wanda ya yi muku shi yana wurin, ko ya ji Tela, ko ya ji irinsa."

Na ce wani mutum ne, ban san shi sosai ba.

"Ki haɗa ni da shi."

Na ce to. Motoci suna wucewa, wani yana buga taya da guduma a bayanmu. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, tsoro ko kunya, ba abin da ya zo. Abin da na lura da shi kawai shi ne gudumar tana da sauti mai kyau.

Kwana goma sha biyu ina yi masa hanya-hanya. Na ce mutumin ya yi tafiya. Na ce lambarsa ba ta shiga. Na ce ba ya son mutane. Yaya ya ce ai dole, shi ma da farko haka ya yi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda maganar ta tashe shi. Ya yi aski, ya fito da rigunansa ya goge, ya fara zama da mu a tsakar gida bayan ya tashi maimakon ya koma ɗaki. Inna ta yi ta hamdala, ta ce addu'a ce ta fara ci. Sha biyu da rabi kuma tana nan yadda take, mai walda yana kunna injinsa, Inna tana tsaye da kofin ruwa. Wata rana da yamma ya kira ni ɗakinsa ya nuna mini wani ɗan gwangwani mai tsatsa, da allurai uku da zare kore a ciki. Ya ce zai nuna wa mutumin, in ya san Tela zai gane shi.

"Ni Allah ya rufa mini asiri," ya ce. "Kin ga ina kwanciya sai barci. Amma wannan bawan Allah, yadda abin nan ya zauna masa a maƙogwaro, ba ya barci. In yana da iyali suna shan wahala. Irinmu ba ma jin maganar farar hula, amma in ni na ce masa ya zo mu je asibiti, zai bi ni."

A daren ban yi shawara da Inna ba, don na san abin da za ta ce, kuma ba ƙarya za ta faɗa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na zo ƙarshen nawa. Da safe da ya dawo daga aiki na ce masa mutumin zai zo wurin aikina ranar Alhamis ƙarfe huɗu.

Huɗu saura kwata ya iso, cikin farar riga mai karin guga, da gwangwanin a aljihun gaba. Ya sayo lemo kwalba biyu, ɗaya tasa ɗaya ta baƙon. Ya duba ɗakin, ya ga ni kaɗai ce, ya ce ko bai ƙaraso ba. Na ce ya zauna. Na sa masa abin saurare a kunne, na buɗe sautin ranar Lahadin yadda na naɗe shi, ba kare, ba jaki, ba abin da na yanke. Ni ban sa nawa ba, na san shi kamar tafin hannuna, ina bin sa da ido a kan allo.

Da farko fanka ce, wadda take ɗan ƙwanƙwasawa duk zagaye saboda fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, Yaya ya sha cewa zai gyara. Na ga ya ɗan karkata kai. Sai injin mai walda daga nesa. Sai na farko ya taso, ya hau, ya tsage. Na biyu. Na uku. Layin ya kwanta na daƙiƙa huɗu, sannan ƙananan tudu suka biyo baya, muryar Inna ke nan daga bakin ƙofa: Babana, Babana, tashi ka sha ruwa. Bayanta akwai ƙarar kofi, da wata murya mai nauyin barci tana cewa kai, na yi barci kamar dutse.

Ya bari har ya ƙare. Ya cire abin sauraren, ya naɗe wayarsa a hankali zagaye bayan zagaye, ya ajiye a kan tebur daidai inda ya gan shi.

"Kullum?" ya ce.

"Kullum."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da ka dawo."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko mai walda ya sani, na ce ya sani. Ya ce matarsa fa, na ce ita ma. Ya daɗe yana kallon kwalaben lemon, raɓa tana gangarowa daga jikinsu tana jiƙa mini takardu.

"Takwara fa?"

"Sau ɗaya ta ji. Ranar da ta yi zazzaɓi."

"Ba fushi take yi da ni ba ke nan."

Na ce a'a.

"Da fushi ne, da na san yadda zan yi da shi," ya ce.

Na fara ba shi haƙuri a kan fim ɗin, kalmomin suna fita a jere kamar na haddace su. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce in cire kukan daga fim ɗin. Ya ce ba nawa ba ne da zan bayar, shi ma ba nasa ba ne. Ya tambayi inda takalmansa suke, na ɗauko su daga gefen farantin tsakuwa, ya ɗaure igiyoyinsu wuri guda ya rataya a kafaɗa, ya sauka. Bai ce in biyo shi ba. Na zauna na cire kukan, na mayar da wanda Darakta ya yi a cikin bokiti, na ƙara masa kare. Darakta ya kira ni sau shida washegari, ya ce na kashe masa fim, na ce sautin ne ya lalace.

Ranar ban iya zama a wurin aiki ba, na koma gida kafin azahar. Inna tana kicin, ta juya mini baya, ta ce tun da ya dawo da safe bai kwanta ba, bai ci abinci ba, ya tambaye ta ranar da likita yake zama a asibiti, ta ce masa ba ta sani ba, sai dai ya tambaye ni. Ba ta ce mini na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Kofin ruwan yana kan tebur a cike, ta riga ta zuba saboda sabo.

Na same shi a waje, zaune a kan dakalin ƙofar gida, idanunsa jajur, yana riƙe su a buɗe da ƙarfin hali. Bai dube ni ba. Tsallaken titi yake kallo, shagon mai kitso, inda Takwara take zaune a kan ƙaramar kujera da kayan makaranta a jikinta, tana lilo da ƙafa tana jiran ƙarfe biyu. Bai kira ta ba, bai ɗaga mata hannu ba. Ya dai zauna inda za ta iya ganinsa a farke. Can ta hango shi, ƙafar ta tsaya, ta dubi agogon bangon shagon, ta sake duban ubanta.

Sha biyu da rabi ta yi. A bayan katanga mai walda ya kunna injinsa kamar kullum, ya bar shi yana ta ihu. Yaya ya juya ya kalli katangar, ya daɗe yana kallonta, ba wanda ya tashi ya je ya ce wa mutumin yau ba sai ya kunna ba.